Gishirin Inna Tabawa

Ku matso ku ji. Wannan ba labari aka ba ni ba, da idanun nan nawa biyu na gani, a Funtuwa, gidan abokina Ɗan'azumi mai gyaran keke! Ni ne ma na riƙe musu wayar wuta.

Shanyewar ɓarin jiki ce ta kama shi, ta ɗauke masa magana ƙaf, ko rubutu ya daina ganewa. Matarsa Inna Tabawa abin ya fi ci. Tun aurensu ba ta taɓa ajiye masa miya bai ce "Tabawa, gishiri ya yi yawa" ba, ko da lami ce, don dai ta harare shi. Yanzu ta ajiye kwano, shiru. Sai ta sa a ranta ya daina gane ta. Ta bar cin abinci tana ramewa, shi ma yana kallonta yana ture cokali.

'Ya'yansu uku duk sun yi karatun kwamfuta. Babbarsu, Asabe, ta kakkaɓe tsohuwar kwamfutar gida, ta gina wata taga a ciki da yarensu na kwamfuta wai shi Faiton. Ta jera manyan maɓallai, kowanne da hotonsa: ruwa, buta, kunu, fuskokin mutan gida, har barkono da gishiri. Ta tono tsofaffin saƙonnin muryarsa a waya, ta yanko kalmomi, yadda in an danna hoto muryarsa ce za ta fito. Tabawa na gefe tana jira. Aka buɗe taga, maɓallai fari fat, ba hoto ko ɗaya.

Ƙanenta Rabilu ya ja kujera, ya bi aikin layi-layi har shayinsa ya huce. Can ya ce, "Yaya, yaren nan yana da mai shara. Duk abin da ba a riƙe ba, kwashewa yake. Kin ɗora hotunan kin sake su." Ta ce, "To gyara mana, sarkin surutu." Ya ɗaure kowane hoto a jikin maɓallinsa, fuskoki suka bayyana. Aka sa wa Baba linzami a hannu, ɗan abin nan da ake ja kibiya ta motsa a allon kwamfuta. Ya danna, shiru. Su in sun danna, kwamfutar ta yi magana. Tabawa ta miƙe ta ce, "Ku bar wahalar da shi. Bai san mu ba." Ta shige kicin.

Autarsu Hindatu ba ta kalli allon ba, hannun babanta ta tsura wa ido. Ashe maɓallin ba ya amsawa sai an ɗaga yatsa kibiya tana kansa. Baba kuwa yana danna daidai, hannu ya yi rawa, kibiya ta zame kafin ya ɗaga. Hindatu ta sauya tsarin, ya zama da an taɓa maɓalli ya amsa. Ta kuma kashe taɓawa ta biyu da rawar hannu ke jawowa.

Da azahar Tabawa ta kawo miya, ta ajiye ba ta ko dube shi ba. Sai ta ji muryar da ta sani a bayanta: "Tabawa." Ta tsaya cak. Hannun ya ja a hankali, ya wuce ruwa, ya wuce kunu. "Gishiri."

Ta juyo, ta harare shi, hawaye na zuba. "Malam, ko ɗanɗanawa fa ba ka yi ba." Ta zauna ta sa hannu a kwanonsa, suka cinye tare.

Wayar wuta kam ban riƙe ba, ni na ƙara wannan, ina bakin ƙofa ina jiran sauran miya. Amma ba Asabe ba taga, ba Rabilu ba hoto, ba Hindatu ba magana. To, wa a cikinsu ya mayar wa Tabawa da mijinta?