Giwa Mai Awon Tafki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata rana Zomo ya zame ya faɗa tafki, Kurege ya jawo shi. Da Zaki ya ji, sai ya kafa doka: ba mai ƙara shan ruwa sai Giwa ta zura hanci ta auna zurfinsa.

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar kowa ya kula da ƙafarsa mana."

Zaki ya ce, "Rufe mana baki!"

To, ita Giwa ba ta awo sai ta kurɓa. Da aiki ya yi mata yawa, ta ɗebo 'ya'yanta su taya ta. Kafin bazara tafki ya ƙafe ƙaf.

Ta je fada tana taƙama: "Ranka ya daɗe, tun da na kama aiki ba wanda ya nutse!"

Kurege ya yi tafiyarsa. Ya je ya haƙa 'yar rijiyarsa, ƙananan dabbobi suna ta sha. Sai ga Giwa.

"Ƙanena, rijiyar nan fa tana bukatar awo."

Kurege ya ce, "Bismilla, Yaya."

Ta cusa hanci, ta cusa, ya ƙi shiga. Ashe da gangan ya tsuke bakin rijiyar.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shirga muku.