Sarkin da Ya Hana Shanya

An ce wani sarki ya yi baƙo daga ƙasa mai nisa, ya zaga gari da shi don ya ga girman mulkinsa. Duk inda suka bi sai wanki a shanye bisa danga da katanga, har da wanduna masu faci da zannuwan goyo. Baƙon murmushi kawai ya yi, amma murmushin nan ya tsaya wa sarki a rai. Baƙo na tafiya ya sa aka yi shela cewa kada a ƙara ganin tufa a shanye a fili, ko da a tsakar gida ne, mai wanki ya shanya a ɗaka. Ya ɗora wa Waziri Jatau tsaron dokar, ya rantse in ya ga ko ƙyalle a waje, rawanin wazirci ya bar kansa.

Ga shi kuwa damina ta kankama. Waziri, mutumin da ake neman shawararsa kan yaƙi da sulhu, ya koma leƙa gidaje yana farautar zanen goyo. Takaici ya ishe shi. Tufafi suka yi tsami, jarirai suka fito da ƙuraje, ran Juma'a kowa na kawar da hanci daga na kusa da shi. A gidan Waziri ma uwargida ta daina amsa masa sallama. In ya tasar wa sarki zancen, sai sarki ya ce talaka dama ba ya rasa abin kuka.

Ana nan, wata safiya Waziri ya iske riga a shanye bisa reshen ceɗiyar ƙofar fada. A ƙarƙashinta ga Malam Gwadabe, wani dattijo da aka sani da hikima, yana jan carbi. Waziri ya roƙe shi don Allah ya rufa masa asiri ya sauke ta. Malam ya taɓa rigar, ya ce ai ba ta bushe ba. Suna cikin haka sarki ya fito.

Sarki ya dubi Waziri, sannan ya tambayi Malam ko bai ji doka ba.

Malam ya ce, "Na ji, ya sarki. Amma wanki aikin ma'aikata uku ne, ruwa da sabulu da rana. Ka sallami na ukun, ba ka naɗa kowa a gurbinsa ba."

Sarki ya ce, "In ruwa ya fitar da datti, me ya rage?"

"Wanda zai fitar da ruwan, ya sarki."

Sarki ya fusata, ya ce nasa tufafin a ɗaka ake shanya su, bai kuwa ga abin da ya same su ba. Malam ya roƙi a kawo adakar da ake ajiye farar alkyabbar da sarki ya gada wurin mahaifinsa. Ana buɗewa wari ya bugi kowa. Fumfuna ta yi mata baƙin ɗige-ɗige daga wuya har ƙasa. Masu wankin fada suka faɗi suna neman gafara, suka ce ta ƙi bushewa ne, tsoro ya hana su faɗa, suka ninke ta da danshinta suka turara ta.

Sarki ya tambaya ko tana gyaruwa. Malam ya ce a shafa ruwan lemun tsami da gishiri, a baza ta a rana. Wani tabon zai fita, inda fumfuna ta ci zare kuwa sai haƙuri.

Sarki ya ce a kai ta bayan gida inda ba mai gani. Waziri, da haƙurinsa ya ƙare, ya ce, "Ya sarki, ɓoyon ne fa ya kai ta ga haka."

Sai sarki ya ɗauki alkyabbar da hannunsa, ya rataye ta kusa da rigar Malam, jama'a na kallo. Ya janye dokar, Waziri ya gyara zaman rawaninsa ya nufi gida da albishir.

Sarki ya juyo ga fadawa ya ce, "Kukan talaka in aka ninke shi aka rufe, ba bushewa yake yi ba, ruɓewa yake yi. Adalci sai a rana."