Nomau Mai Mota da Shanun Huɗarsa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku bar ture-turen nan ku zauna.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wani mutum ne a wani ƙauye, ana ce masa Nomau. Yana da shanun huɗa biyu, da su yake noma abin da gidansa ke ci. Bai rasa komai ba, sai dai shegen son a san da shi.

Rannan ya shiga birni, sai ya ga wata jar mota a wajen dillali, sabuwa fil, kujerunta duk cikin leda. Sai hankalinsa ya tashi. Dillali ya ce, “Kawo shanunka da gyaɗar da ke rumbunka, ka ɗauki makulli.” Da ma Nomau ya taɓa yin yaron mota, ya iya murza sitiyari. Sai ya ce ya yarda.

Ya shigo ƙauye yana ta danna oda. Ya tarar da maƙwabcinsa Jatau a kan jaki, ya leƙo ya ce, “Kauce, mai jaki!” Gari ya fito ana ta Allah ya sa a kashe lafiya.

Matarsa Hansai ta zagaya motar, ta ce, “Maigida, ita wannan me take ci?”

Ya ce, “Fetur.”

“A wace fadama ake yanko shi?”

“Saye ake yi.”

“To, tana jan garma?”

Sai Nomau ya ɗaga kai, ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Nan take ya kira dillali a waya, ya ce, “Don Allah, ana mayarwa?”

Dillali ya ce, “Ana mayarwa mana. Kawo ta kafin kasuwar Laraba ta ci, yadda ka ɗauke ta, da ledarta da ƙamshinta. In ka makara, na sayar da shanu.”

Hansai ta ce, “Kowa ya tambaye ka, ka ce mayarwa za ka yi.”

Ya ce, “Ni? In faɗa da bakina na kasa? Allah ya kiyaye!”

Gari na wayewa ya kama hanya. Sai ga Kawu Cindo da bunsurunsa. Ya ce, “Mai Mota, ina zuwa?” Sunan nan ya yi wa Nomau daɗi har cikin ƙashi. Ya ce, “Shan iska kawai, Kawu.” Kawu ya ce, “Madalla, sai ka sauke mu a garin gaba.” Kafin su isa, bunsuru ya cinye ledar kujera, ya bi da fitsari. Nomau ya juyo gida, ya wuni yana liƙa ledar burodi.

Kashegari ya sake fita. Sai ga surukarsa, uwar Hansai, da mata za su gidan suna, kowace da ƙullin daddawa da kwalbar manja. Kun san mutum ba ya haɗa ido da surukarsa, balle ya ce mata a'a. Ta ce, “Mai Mota, ina aka nufa?” Ya durƙusa har ƙasa, ya ce, “Shan iska ne, Inna.” Suka duru ciki kamar an cika buhu. Mota ta faɗa rami, manja ya kife. Ranar sabulu da toka ba wanda bai gwada ba, manja ya ce ya samu wurin zama.

Ran Laraba ya yi sammako, ko oda bai taɓa ba. Ashe mai gari na zaune a ƙofar fada. Ya ce, “Mai Mota, kai ne ka fitar da garin nan kunya! Ina za ka?” Gaskiya ta zo wa Nomau har bakin leɓe, sai ya ga jama'a na kallonsa, ya haɗiye ta. Ya ce, “Shan iska, ranka ya daɗe.” Mai gari ya ce, “Alhamdu lillahi. Kai mana 'yan dambenmu wasa.” Ƙarti suka cika ciki, makaɗa suka hau sama da ganguna. Rufi ya lotsa, ƙofa ɗaya ta cire aka ɗaure ta da igiya.

Sai la'asar ya isa birni. Dillali ya sa kai cikin mota, ya fito da sauri yana toshe hanci. Ya ce, “Malam, ni mota na sayar maka. Wannan turken awaki ne.”

Nomau ya ce, “Ka taimake ni, shanuna fa?”

“Tun hantsi wani mai jaki daga ƙauyenku ya saye su.”

Ruwa ya sauka, kowa ya tafi gona. Nomau ya ɗaura wa mota garma, ya shiga gonarsa. Ta yi gurnani, ta nutse a laka har ciki. Sai da Jatau ya zo da shanun nan biyu suka jawo ta, yara na bin su da ihu.

Shekarar nan Nomau bai noma ko dami ɗaya ba. Mota ta zauna a ƙofar gida, kajin Hansai suna ƙwai a ciki. Shi kuwa ya koma ƙwadago a gonar Jatau, yana bin bayan shanunsa na da. Sunan da ya saya ne kaɗai ba a karɓe masa ba. Jatau yakan zauna a inuwa, ya ɗaga murya ya ce, “Mai Mota, miƙe kunyar nan da kyau!”

Ƙurunƙus, kan kusu, na kai ta inda ta tsaya. Ku dai in kun yi kuskure ku buɗe baki ku faɗa tun da sauran gyara. Ku tashi, kowa ya kakkaɓe tabarmarsa.