Jatau da Furar Baba Lallashi

"Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa."

"Ta zo mu ji ta, Inna."

A wani gari wai shi Jiki, akwai dakaru masu zafin hannu. Da sun ga baƙuwar cuta, sai duka. Amma idonsu kan rufe su hau 'yan gari. Mai hana su kuwa wani tsoho ne, Baba Lallashi.

Abu biyu ke riƙe da tsohon nan. Kullum safiya Kande mai tsaron ƙofa ta kira sunansa, sannan ta miƙa masa ƙwaryar fura. Kira ba fura, ƙarfinsa ya tafi.

To, cikin dakarun akwai Jatau, makwaɗaici. Sai ya tare Kande.

"Yaya Kande, Baba yana azumi. Kira shi kawai, ni zan ajiye masa furar."

Sai ta kira, Baba ya amsa, Jatau ya shanye.

Kashegari ya ce, "Yau cikinsa ke murɗa." Ya shanye.

Rana ta uku ya ce, "Ya bar mini ita sadaka." Ya shanye har da lashe ƙwarya.

Sai Baba ya rame, ya kwanta, ko amsa kira ba ya iyawa. Sai dakaru suka ɓalle. Suka doki mai ɗebo ruwa. Suka doki mai hura wuta. Suka waiwayo, sai ga Jatau, ciki ya yi tulu, kumatu sun rufe ido.

Babbansu ya ce, "Wannan ba namu ba ne."

"Ni ne Jatau, 'yan uwa."

"Jatau siriri ne. Ku ba shi kashi."

Da rarrafe Jatau ya isa ƙofa. "Yaya Kande, ƙarya na yi. Ba shi furarsa."

Kande ta kira Baba, ta ɗura masa fura. Ya miƙe, ya ɗaga hannu, dakaru suka sauke kulake. Ya dubi Jatau ya ce, "Ɗana, ka ƙoshi?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. A jininku ma akwai ƙwayoyin da ke kwaɓar sojojin jiki kada su far wa mai jikin. Saƙo ɗaya ba ya rayar da ƙwayoyin nan, sai na biyu ya biyo, kamar kira da fura. Wanda ya cinye rabon mai raba faɗa, bayansa zai gaya masa.