Hannun Daman Malam Sabo

Akwai wani matashi a Wudil mai suna Garzali, aikinsa lodin shanu a kara, wato kasuwar shanu. Ƙato ne na gaske. Bijimin da ya gagari mutum uku, shi kaɗai yake murɗe masa ƙaho ya tura shi mota. Matsalarsa ɗaya, gani yake babu abin da ƙarfi ba ya yi.

Ana nan sai hawan jini ya kayar da mahaifinsa, Malam Sabo, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ba rashin tafiya ne ya fi damun tsohon ba, cin abinci da hagu ne. In an ajiye tuwo sai ya kawar da kai, ya ce shi da girmansa ba zai kai loma baki da hagu ba.

A asibiti, likitar da ke koya masa motsa jiki ta tara iyalinsa ta ce, "Hannun nan zai iya dawowa, amma yanzu kafaɗar a sake take. Kada wanda ya kuskura ya ja shi ta hannun. A ɗaura masa zani a ƙugu, a tallafe shi, a jira ya yunƙura da kansa."

Barakatu, ƙanwar Garzali, ta tsaya ta koya. Garzali kuwa dariya ya yi.

"Ni da nake ɗaga bijimi, Baba ne zai gagare ni sai da zani?"

Barakatu ce ta riƙa tayar da tsohon, a hankali, ba ta gajiya da jira. Cikin ikon Allah yatsun suka fara motsi. Ranar da ya iya damƙe cokali, sai da ya yi hawaye.

Wata safiya 'yan'uwa suka zo dubiya daga Darki, suka cika zaure. Malam Sabo ya ce a fito da shi, yana so ya ba su hannu da dama su gani. Barakatu ta shiga ɗauko zani, sai ga Garzali.

"Yaya, ka jira ni!"

"Mutane na zaune a waje, ke kina neman tsumma."

Ya kama hannun daman mahaifinsa ya fizgo, yadda yake fizgar igiyar bijimi. Ya ji wani abu ya ce ƙas, amma bai kula ba. Tsohon ya runtse ido, gumi ya keto masa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau. Allah ya yi maka albarka."

Kara tsohon ya yi masa. Bai so baƙi su ji cewa ɗansa ne ya ji masa ciwo. Ya zauna aka gaisa da baki, hannun na kwance a cinya. Bayan sun tafi ma ya ci gaba da ɓoyewa, yana cewa sanyi ne, har kafaɗar ta kumbura ya daina barci.

Da aka koma asibiti, likitar ta duba hoton kafaɗar da aka ɗauka. Sannan ta ce kafaɗar ta goce, jijiyoyi sun yage, an kuma makara.

"Waye ya ja shi?"

Malam Sabo ya ce, "Faɗuwa na yi."

Garzali yana tsaye a bayansa, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Baƙin ciki ya cika shi, don da tsohon zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Yatsun nan ba su sake motsi ba.

Wata rana da yamma Garzali ya ɗauko zanin da kansa, ya durƙusa gaban mahaifinsa.

"Baba, na koya. Bari in tayar da kai ka ci abinci."

Tsohon ya yi sauri ya sa hagu ya kare kafaɗarsa.

"A'a, Garzali. Bari dai Barakatu ta zo."

Da ta zo ta zaunar da shi, ya daɗe yana kallon kwanon. Sannan ya yi bismillah, ya miƙa hannun hagu.

Darasi: Jinya haƙuri take so, ba ƙarfi ba. Kada ka taɓa jan mai shanyewar jiki ta hannun da ya shanye, ka bi yadda likita ya nuna. Kuma shirun iyaye ba ya nufin ba su ji ciwo ba. Ku tura wa duk wanda ke jinyar wani a gida.