Busa Biyu da Ta Zama Ɗaya

Akwai waɗansu 'yan'uwa biyu maza, gidansu yana kan tudu, gonarsu kuwa tana ƙetaren kogi. Kogin nan mugu ne. Sai a yi ruwa can cikin duwatsu, a nan ko ɗigo ba a gani ba, ambaliya ta sauko ba sallama. Saboda haka da damina, in ɗaya ya tafi gona, ɗayan yakan tsaya a kan tudu da ƙaho yana tsaro. Al'adar da suka gada ita ce, busa ɗaya, "Ƙetaro." Busa biyu, "Tsaya inda kake."

Wan ya daɗe yana tsoron wannan al'ada. Wata rana ya ce wa ƙanensa, "Busa ɗaya tak ta raba rai da mutuwa. In iska ta ɗauke ta fa? Mu sake tsari. Dogaye uku, ƙetaro. Gajeru uku, tsaya. Ko ɗaya ta ɓace, biyun da suka rage za su faɗi gaskiya. Ban ce goma ba, gama ruwa ba ya jira."

Ƙanen ya yi dariya. "Kai Yaya, da tsoro kake! Da wannan al'ada Baba ya tsufa. In ƙare numfashina a banza?"

Wan ya gaji da gardama, ya bar zancen. Ni kam, a nan nake jin haushinsa.

Ran nan da tsakar rana wan yana gona, sai ƙanen ya hango jan ruwa yana gangarowa, ɗauke da itatuwa. Ya busa sau biyu da iyakar ƙarfinsa. Amma tsawa ta faɗi daidai kan ta farin, ta haɗiye ta. Wan ya ji ɗaya. Ya saɓa fartanya, ya naɗe wando, ya shiga ruwa hankali kwance.

Ƙanen ya yi ta busa ba tsari, ya yar da ƙahon, ya ruga yana kururuwa. Daga tsakiyar kogi wan ya ɗaga masa hannu yana murmushi. Sai bayan kwana uku aka sami gawarsa a cikin kyauro.

To, ga abin da misalin yake nufi. Tsawar ita ce hayaniyar duniya, wadda take cinye magana a hanya. Masu ƙera waya ma sun san da ita. Sukan ƙara wa saƙo 'yan alamu kaɗan masu saurin haɗawa, domin in wani sashe ya lalace, wayar da ta karɓa ta gyara shi. Ubangiji ya riga su. Ya gargaɗe ku ta Littafi Mai Tsarki, ya maimaita ta bakin iyaye, ya sake ta wurin lamirinku. Kada ku ƙosa ku ce, "Ai mun ji."

Ina kuwa jin tsoro saboda mu masu tsaro. Akwai wani ɗan'uwanka da yake dab da hallaka yau, kai kaɗai kake ganin abin da yake zuwa. Ka faɗa masa sau ɗaya, ka ce ka fita hakkinsa. Ka tabbata ya ji?