Furar Ramatou a Harobanda

Da sunan Allah Mai jinƙai, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Shehinmu na unguwar Harobanda a Yamai, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne arifi, mai zuhudu da tsantseni, wanda ya sha fiƙihu da tafsiri har ya ƙoshi, amma in ka gan shi bisa buzunsa sai ka ce baƙo ne ya zo ɗaukar karatu. Abin da zan faɗa da idona na gani, a shekarar da fari ya sa kogi ya tsinke a Yamai har ana ƙetare shi da ƙafa, soja kuma na bin unguwanni da manyan motocin kamyo suna kwashe 'yan gudun yunwa.

Na dawo daga Abijan bayan shekaru, ban tara komai ba sai ƙafar yawo, na tarar da yayata Ramatou, wadda ta raine ni, mai fura a bakin tashar Wadata, tana kwance. Lokotoro ya ce ciwon daji ne a nono, ya riga ya bazu, babu batun aiki, sai ƙwayoyin rage zafi. Ciwon kam tana daurewa. Abin da ya karya ta, tun da maganar ta fita masu sayen fura suka janye, matan gidan hayarmu da suke cin tuwo akushi ɗaya da ita suka ware mata kwano da moɗa, a ajiye a bakin ƙofa a juya. Sai ta daina ci. In na matsa mata ta ce, "Isaka, bar ni, ai sun riga sun binne ni." Ni kuwa kullum ina tasha ina cigiyar motar kurmi a ɓoye, don ba na iya kallonta.

Na ɗora ta a amalanken jaki muka je wurin Shehi da hantsi, muka tarar da zaurensa maƙil da mutanen karkara da yunwa ta koro. Bai yi mata rubutu ba, bai yi tofi ba. Ya sa aka kawo curin fura ɗaya da ɗan nono cikin wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinki a gefe, ya ce, "An ce hannunki ya iya fura. Yau ba mu karya ba."

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ba a faɗa maka ciwona ba?"

Ya ce, "An faɗa. Dama mana."

Ta dama. Ya ce ta fara sha, ta kurɓa, sannan ya karɓi ludayin daga hannunta, bai ɗauraye ba, ya yi bisimilla ya sha, ya miƙa wa na kusa da shi. Ƙwaryar nan ta zaga zauren, ta shiga cikin gida wurin mata, ta dawo, kowa ya ƙoshi, kuma wallahi furar tana nan daidai bakin ɗinkin inda ta faro. Ramatou ta shanye sauran tana hawaye.

Da za mu tashi ya ce, "Kar a fasa maganin lokotoro. Kai kuma Isaka, ƙyale motar nan. Sa hannunka a kwanonta." Ban taɓa faɗa wa kowa zancen mota ba.

Ba ta warke ba. Ciwon ya ci gaba da cinta har ƙyallen da nake wankewa ba ya bushewa kafin a nemi wani. Amma tare muke ci, kuma da labari ya iso Wadata, tsohuwa Aïchatou ta gidan hayarmu ta ɗauko akushin matan gida ta dire a ɗakin Ramatou, sauran suka biyo ta. Ramatou ta rasu da faɗuwar damina, da ragowar tuwo a yatsunta, kuma matan nan su suka yi mata wanka da hannunsu.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke girmama bayinSa salihai. Ya Allah Ka jiƙan Ramatou, Ka ɗaukaka darajar Shehinmu, Ka shayar da mu daga albarkarsa, kada Ka bar mai ciwo shi kaɗai da kwanonsa. Amin.